Keken tsere a hanyar tuddai: me ya sa nake sauka ina turawa?

Tambayar da aka aiko: "Shekarata 2 ina hawan keken tsere a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ina yin kilomita 60 da gudun kilomita 27 a awa ba tare da na galabaita ba. Kwanan nan na gwada wata hanyar karkara mai tuddai wadda motoci ba su cika bi ba. Kafin kilomita 35 na ƙare, sau 2 ina sauka ina tura keken, gwiwata na zugi, a gangara kuma tsoro ya kama ni. Nauyina kilo 75, keken kilo 11, ƙaramin farantin gaba haƙori 39, babban na baya 25. Shin in sayi keke mai kilo 8 ne?"

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Na gode da ka faɗi haƙoran giyarka, domin amsar tana nan cikin waɗannan lambobi biyu, 39 da 25, wato yawan haƙoran farantan da sarƙa ke hawa a gaba da baya. Yawancin masu kawo mini irin wannan kuka ba su taɓa sunkuyawa sun ƙirga ba.

Bari mu fara gamawa da maganar nauyi, tunda ita ce ta fi damunka. Kai da keken da gorunan ruwa da kayan faci kun kai kilo 88. Idan ka rage kilo 3, abin da ka rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. A hawan da ke cin ka minti 20, ribarka kusan daƙiƙa 40 ce. Ga wanda ke neman lashe gasa daƙiƙa 40 babban abu ne, shi ya sa hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, don kada a yi ta fafe ƙarfe har ya karye a ƙarƙashin mutum. Amma kai ba daƙiƙa 40 ce ta sauke ka daga sirdi ba. Da keken kilo 8 mai irin giyarka ta yanzu, a wannan kwanar da ka sauka za ka sake sauka, sai dai turawar ta ɗan fi sauƙi.

A shimfiɗe, abokin faɗanka iska ce. Yawancin ƙarfin da kake zubawa a feda yana tafiya ne wajen keta ta, nauyinka kuwa kusan ba ya shiga lissafi da zarar keken ya ɗauki gudu. A tudu labari ya juye. Gudunka ya ragu, iska ta daina zama matsala, aikin ya koma ɗaga kilo 88 zuwa sama. Ana auna tsayuwar hanya da kaso: idan aka ce hanya kashi 8 ce, a kowace mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 8. Ƙarfin da ke ba ka kilomita 27 a awa a shimfiɗe, idan ka kai shi hanya mai kashi 8, abin da zai ba ka bai wuce kilomita 7 a awa ba. Ka ƙara matsawa ka sami 9. Wannan ba rauninka ba ne, lissafi ne, kuma haka yake ga kowa.

To ga inda giya ta shigo. Tayar keken tsere tana cin ƙasa kimanin mita 2.1 a kowane juyi. Da 39 a gaba da 25 a baya, duk juyin feda ɗaya yana kai ka mita 3.3. A gudun kilomita 9 a awa, ƙafarka za ta juya sau 45 kacal a minti. Ka tuna yadda abin ya kasance: kana danna feda kamar mai taka matakalar bene da buhu a kafaɗa, keken na karkata dama da hagu, kowane juyi sai ka ji shi a ƙoƙon gwiwa. Tsoka ba ta jure irin wannan dannawa na dogon lokaci, gwiwa kuma ita ke biyan bashin. Yanzu ka sa 34 a gaba da 34 a baya. Juyin feda ɗaya, juyin taya ɗaya, mita 2.1. A wannan gudu dai na kilomita 9, ƙafarka na juyawa sau 70 a minti. Aikin bai ragu ba ko kaɗan, an dai yanka shi ƙanana, an ɗauke shi daga kan gwiwa an ɗora wa zuciya da huhu, su kuwa an halicce su ne don aiki mai maimaituwa.

Saboda haka abin da zan ce ka saya shi ne farantan gaba masu haƙori 50 da 34, da jerin giyar baya mai kaiwa 32 ko 34. Kafin ka biya, ka sa makaniki ya duba abin canjin giyarka na baya. Tsofaffi masu gajeren hannu ba sa ɗaukar faranti mai girman haka, sai an musanya da mai dogon hannu, kuma za ka buƙaci sabuwar sarƙa mai ɗan tsawo. Idan aljihu bai kai duka ba, fara da na baya.

Na san akwai masu ganin giya mai taushi abin kunya ce. Ni dariya suke ba ni. A 1910, shekarar da gasar Tour de France ta fara hawa manyan tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, Octave Lapize da ya lashe gasar a shekarar sai da ya sauka ya tura kekensa a hawan Tourmalet. Sai a 1937 aka yarda 'yan gasar su yi amfani da abin canza giya. Kafin nan mutum tsayawa yake a gindin tsauni ya kwance tayar baya ya juya ta don ya sami giya mai sauƙi. A yau ma, ranar da za a hau Angliru a Sifaniya, inda wani wuri ke wuce kashi 23, ƙwararrun da ake biya albashi don su hau tudu giya mai taushi suke sa a ɗaura musu. Wanda ke fita ranar hutu don jin daɗinsa, me zai ji kunya?

Giya rabin magana ce. Sauran rabin yana cikin kanka, kuma ina zargin abin da ya cinye ka ke nan kafin kilomita 35. Wanda ya saba da shimfiɗe idonsa na kan lambar gudu. Ya iso gindin tudu da 27, ya ga lamba na sauka, 22, 18, 14, sai ransa ya ƙi yarda, ya miƙe tsaye ya afka wa tudun. Minti 2 yana jin kansa sarki. A minti na 3 numfashi ya ƙwace, cinya ta ɗau wuta, ga tudun ko rabi bai yi ba. Irin wannan ƙarfi na afkawa kamar ashana ne a aljihu, 'yan ƙwayoyi ne, kowace ka ƙyasta ta tafi. Hanyar tuddai tana da hawa 10 ko 15 a jere. Wanda ya ƙyasta ashana a kowanne cikin 5 na farko, a na 6 zai sauka.

Yadda nake koya wa sababbi: kashi ɗaya cikin uku na farkon kowane hawa, ka tafi a hankali har ka ji kamar kana wasa. Ma'auninka numfashi. Idan za ka iya faɗin jimla guda cikakkiya ga na kusa da kai, kana daidai. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya ke fita, ka wuce gona da iri, sauko da giya. Ka canza giya tun kafin tudun ya kama ka, lokacin da ƙafa ke juyawa da sauƙi, kuma ka ɗan sassauta dannawa a daidai lokacin canjin. Canza giya kana tsaye kana danna feda da dukan nauyinka shi ke sa ka ji ƙarar nan "ƙaras", wata rana kuma sarƙa ta tsinke. Ka zauna a sirdi, ka ɗan ja baya, hannu a saman kan keken, kafaɗa sake. Tsayuwa a kan feda tana da amfani, don miƙe baya ko ƙetare wani ɗan guntun wuri mai tsauri, amma tana cin numfashi fiye da zama, musamman ga mai jiki. In za ka tashi, ƙara giya ɗaya ko biyu, ka yi juyi 15 ko 20, ka koma ka zauna ka mayar.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kada ka saki feda da zarar ka ga ƙarshen tudu. Ka ci gaba da juyawa har keken ya ɗauki gudu a ɗaya ɓangaren, sannan ka huta. A tuddai gajeru masu bin juna nan ake samun riba, domin gudun da ka kwaso daga gangara shi zai haura da kai wani ɓangare na tudun gaba kyauta.

Ka kuma cire 27 ɗin nan daga ranka. Ka hau kilomita 5 da gudun 10, minti 30 ke nan. Ka gangaro kilomita 5 da gudun 40, minti 7 da rabi. Kilomita 10 cikin minti 37 da rabi, wato 16 a awa. Mutane na zaton zai ba da 25, tsakiyar 10 da 40. Gangara ba ta taɓa biyan abin da hawa ya ci. Don haka idan kana tsara tafiya, bayan tsawon hanya ka duba jimillar hawanta. Manhajojin taswira na masu keke suna nuna ta. A ma'aunina, hanya mai hawan mita 10 a kowace kilomita ta fara zama ta tuddai, mai mita 20 kuwa aiki ce ja. Don ka sami abin kwatance, Alpe d'Huez da ake ta ambato a Faransa kilomita 13.8 ce, matsakaicin tsayuwarta kashi 8.1, da lanƙwasa 21. Zakarun duniya sun hau ta ƙasa da minti 40, mai hawan sha'awa kuwa awa ɗaya da rabi ba abin kunya ba ne.

Ci da sha a taƙaice. Sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta yana kai mutum kimanin minti 90 na aiki mai ƙarfi, kuma tudu ya fi shimfiɗe saurin cinye shi. Ka fara ci tun awa ta farko, kafin yunwa, giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kusan 25. Ruwa gora ɗaya a awa, fiye da haka in ana zafi. A hanyar da babu kowa ba lalle ka sami wurin ƙari ba, don haka gora 2 a cike.

Game da gwiwa, in ka sauya giya zugin bai tafi ba, duba tsayin sirdi. Ka zauna, ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa yakan kawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuma a bayanta. Ciwon da ya kumbura ko ya ƙi lafawa bayan hutu na likita ne.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a tambayarka, ko da yake a ƙarshe ka saka shi kamar ƙari: tsoron gangara. Wannan tsoro ka riƙe shi da kyau, hankali ne. Hawa yana gajiyar da mutum ne kawai, gangara ita ke kai mutum asibiti. Fabio Casartelli, wanda ya ci zinaren Olamfik a 1992, a gangara ya rasu a Tour de France ta 1995. Gino Mäder ma a gangara ya faɗi a gasar Suwizalan a 2023. Waɗannan ƙwararru ne, a hanyar da aka rufe musu, babu mota mai zuwa. Kai hanyarka a buɗe take.

A gudun kilomita 50 a awa kana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga rami, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, yatsa ya matse birki, ka riga ka ci wannan tazarar ko fiye. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Daga nan duk dokokin gangara suka fito.

Hannu ya sauka ƙasan lanƙwasar kan keken, yatsa ɗaya ko biyu a kan birki. Sababbi na gudun wannan riƙo saboda yana sa kai ya yi ƙasa, amma a nan birki ya fi kamawa, kuma idan taya ta daki rami hannu ba ya suɓucewa. Ka san wane hannu ne birkin gaba, domin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma keken aro ya sha yaudarar mutane. Birkin gaba shi ke yin yawancin aikin tsayarwa, tunda nauyi gaba yake komawa idan ana rage gudu. An tsoratar da mu da shi tun muna yara, wai zai wuntsila mutum. Abin da ke wuntsilawa shi ne cafke shi farat ɗaya. Ka matsa a hankali ka ƙara, ka tura ɗuwawu baya, hannu a ɗan lanƙwashe. Je wani fili marar motoci ka yi ta gwada tsayawa har hannunka ya haddace.

Birki kafin kwana ake yinsa, keken na miƙe. Cikin kwana ka sassauta, fedar waje tana ƙasa ka taka ta da nauyinka, ta ciki tana sama don kada ta kartsi kwalta. Ido kuma can inda kake son fita. Keke yana bin ido. Wanda ya ƙura wa dutsen bakin hanya ido, dutsen zai je ya samu.

Ni kaina a nan na yi karatu mai tsada. Wata safiya ina gangarowa a hanyar da na bi ya fi sau 20, an yi ruwa da dare amma kwalta ta bushe. Na shiga wata kwana ta hagu yadda na saba, sai ga yashi da tsakuwa da ruwa ya wanko daga gefen tudu ya shimfiɗa a tsakiyar kwanar, faɗinsa bai fi tabarma ba. Na gan shi a makare, na cafke birkin baya ina karkace. Abin da na tuna kawai ƙarar hular kwano a kan kwalta, da gorar ruwana tana gangarawa ita kaɗai. Na zauna a bakin hanya fatar cinya a saɓule, ina jiran wani ya wuce. Minti 40 babu ko mota ɗaya, waya kuma babu sabis. Shirun da na fito nema shi ne ya zaunar da ni a wurin.

Hanyar da ba kowa haka take. Ba a share ta, ba a cika gyara ta ba, kuma duk mai amfani da ita ya saba ba ya haɗuwa da kowa. Direban da ke bin ta kullum yana yanke kwana ya shigo hannunka domin shekara da shekaru bai taɓa cin karo da komai a wurin ba. Motar gona na fitowa daga ƙofar gona ba tare da tsayawa ba, ta bar laka a kwalta. Dabbobi na tsallakawa, kare na fitowa daga gida. Dokar da nake bi tun daga ranar nan guda ce: kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa a cikin tazarar da idonka ke gani, kuma a hannunka. Layin nan da kake gani 'yan gasa na bi a talabijin, daga wannan gefe zuwa wancan, na rufaffiyar hanya ne. Ka kunna fitila gaba da baya ko da rana tsaka, musamman inda hanya ke shiga inuwar bishiyoyi tana fita, domin idon direba bai gama sabawa da duhun ba lokacin da zai iso kanka. Abin sauraron kiɗa kuma ka bar shi a gida. A hanyar shiru kunne ne ke fara gaya maka mota na tafe, tun tana bayan tudu.

Akwai batun zafin birki a doguwar gangara. Idan birkinka irin mai matse gefen wili ne, kuma ka riƙe shi a matse tun daga sama har ƙasa, wilin na iya yin zafin da zai fasa tiyub. Birki mai faifai, wanda ke matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili, ba ya taɓa taya, amma shi ma in ya yi zafi sosai kamunsa na raguwa. Maganin duka biyu ɗaya ne: matsa da ƙarfi ka rage gudu sosai, ka saki ya sha iska, ka sake. Ka miƙe zaune ka buɗe ƙirji, iska ma birki ce. In gangarar ta yi tsawo kuma hannu ya fara sanyi, tsaya minti 2. Cikin ruwan sama, birkin wili yana buƙatar taya ta juya sau da dama kafin ya share ruwa ya kama, don haka ka fara da wuri. Robar birki kuwa a gida ake duba ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Taya ma ta cancanci kuɗinka fiye da sabon keke. In firam ɗinka, wato gangar jikin keken, zai ɗauka, koma mai faɗin milimita 28 ko 32, ka rage iska kaɗan daga yadda ka saba. Tayar da aka bunƙara da iska tsalle take yi a kan kwalta mai kaushi, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. A aljihu: tiyub 2, famfo, kayan faci, ƙaramin makullin gyara, mahaɗin sarƙa, da 'yar rigar iska mai naɗewa. Zafi yana raguwa kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa, kuma ko a tudu marar tsawo, ka iso sama sharkaf da gumi sannan ka gangara da gudu 45, sanyin zai sa haƙora kaɗawa, yatsun da suka ƙage kuma ba sa matsa birki daidai. Ka sauke taswira a waya tun a gida, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za a sa ranka.

In ka sauya giyar, kada ka koma wa kilomita 60 kai tsaye. Nemi tudu ɗaya da zai ci ka minti 5 zuwa 8, ka hau shi sau 4 a zaune, ƙafa na juyawa 70 ko fiye, kowace saukowa kuma ka mai da ita darasin birki da kwana. Sau 2 a mako ya isa. Bayan mako 4 ko 6 ka koma waccan hanyar da ta sauke ka, ka shiga tudun farko a giya mafi taushi ko da kana jin ƙarfi. Ka rubuto mini yadda kwanar da ka sauka ta kasance, ka kuma faɗa mini ko gwiwar ta yi shiru.